Ga uwa ba na iya magana, ga saurayi ba na iya shiru

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 25, ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya, ina zaune wurin gwaggona, iyayena suna Funtuwa. Ni ce 'yar fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni riƙo wurin kakata ta wajen uba, Inna, a hannunta na girma har ta rasu ina aji biyar a makarantar kwana, sai da na zo hutu aka gaya mini. Mahaifiyata Yaya nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ma faɗa, ba ma hira. Bara na kwana huɗu a asibiti da taifot ban gaya mata ba. Da ta ji, sai ta aiko ƙanena da zuma da dambun nama, ita ba ta ce komai ba.

Ina da aminiya tun makaranta, ta yi aure a Kaduna. Da ta haihu, a WhatsApp na ga hoton jaririn kamar kowa. Na yi fushi ban je suna ba. Wata bakwai ke nan ba mu yi magana ba, amma kullum sai na duba hotunanta.

Akwai wanda zai aure ni, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, manyansa sun kawo gaisuwa, saura sa rana. In na tura saƙo na ga ya karanta bai amsa ba, jikina har rawa yake. Makon jiya na kira shi sau 14, da ya kira ni da daddare na ƙi ɗauka, na toshe lambarsa kwana uku. Ya ce ya fara gajiya. Na amsa wasu tambayoyi a intanet, aka ce ina da matsalar shaƙuwa, wai daga rashin kulawar uwa take. Anti, haka zan ƙare? Laifin Yaya ne? In fasa auren kafin in cuci bawan Allah?

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don hankalinki ya kwanta ki iya karanta sauran. Kada ki fasa aure saboda tambayoyi goma da kika amsa a waya. In akwai dalilin fasawa za mu zo kansa, amma wannan ba ya ciki.

Maganar da aka gutsuro aka ba ki tana da asali, kuma asalin ya fi abin da aka nuna miki hankali. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya tsaya a kanta bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Turai ta cika da marayu da yaran da aka raba da iyayensu. A 1951 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan haka. Abin da ya ƙare a kansa shi ne, jariri yana buƙatar babban da zai gudu wurinsa in ya tsorata kamar yadda yake buƙatar nono, kuma yadda ake amsa masa kuka shi ke koya masa abin da zai zata daga mutane. Wadda ta bi maganar gida-gida ita ce abokiyar aikinsa, Mary Ainsworth, kuma a Afirka ta fara. A 1954 ta je Yuganda, ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kewaye da Kampala. Abin da ya ja ta tun farko zai ba ki mamaki: ta ji cewa mutanen wurin in za su yaye yaro sai su kai shi wurin kaka ya manta nono, irin namu sak. Ta tarar al'adar ta ja baya, sai ta zauna tana kallon yadda jarirai ke yi da iyayensu mata.

Daga baya a birnin Baltimore na Amurka ta shirya wani gwaji na kamar minti ashirin. Ɗaki ne da kayan wasa, ga uwa ga yaro ɗan shekara ɗaya. Baƙuwa ta shigo, uwa ta fita, ta dawo, ta sake fita, ta sake dawowa. Dawowar ce abin kallo. Wani yaron zai rugo, a ɗauke shi, ya yi ajiyar zuciya biyu, ya zame ya koma wasansa. Wani zai rugo yana kuka, a ɗauke shi ya banƙare yana ture uwar, a sauke shi ya ƙara tsala ihu. Yana so, yana fushi, rarrashi ba ya shigarsa. Na uku kuwa ko ɗaga kai ba ya yi, yana ta juya motar wasansa kamar ba wadda ta shigo. Shi ne mu za mu ce kai, yaron nan akwai haƙuri. Amma da masu bincike suka auna bugun zuciyar irin waɗannan yaran, sai suka ga ita ma tana tashi in uwa ta fita. Ya dai koyi cewa nuna buƙata ba ya kawo komai, sai ya haɗiye abinsa.

A wani bincike da aka wallafa a 1987, wasu masana biyu, Cindy Hazan da Phillip Shaver, suka buga tambayoyi a wata jarida a birnin Denver, suka ga manya ma haka suke rabuwa gida uku a soyayya: kashi 56 cikin ɗari masu natsuwa, 25 masu ja da baya, 19 masu zullumi. Jikokin waɗannan tambayoyin ne kika amsa a wayarki. Ki lura, fiye da mutum huɗu cikin goma ba sa cikin masu natsuwar, suna nan suna aurensu suna kasuwarsu. Ba sunan cuta ba ne, babu likitan da zai rubuta miki shi a kati.

To, koma kan wasiƙarki. Yarinyar da ta kwana huɗu a gadon asibiti ba ta kira uwarta ba, wane yaro ce a ɗakin nan? Na uku. Wadda ta kira sau 14, da aka kira ta kuma ta toshe lamba? Na biyu, har da banƙarewar. Galibin gwaje-gwajen intanet a kan masoyi kaɗai suke tambaya, shi ya sa aka ba ki suna guda. Masu binciken da suka zo daga baya, irin su Chris Fraley na Jami'ar Illinois, sukan tambayi mutum daban-daban a kan uwa, uba, amini da masoyi, kuma sau da yawa amsoshin ba sa zuwa ɗaya. Akwai kama a tsakani, amma kowace alaƙa da darasin da ta koyar, kuma darasi ana sake shi. Waɗanda suka bi yara tun suna goye har suka girma sun ga da yawa sun canza, wasu zuwa natsuwa, wasu daga gare ta, gwargwadon abin da rayuwa ta kawo musu. Masu cewa hali zanen dutse ba su gama gaskiya a nan ba.

Yaro na farkon fa, mai rugowa ya natsu? Shi ma yana cikin wasiƙarki, kin wuce shi ne da gudu a layi ɗaya. Inna.

Masu haɗa irin gwajin da kika yi gida ɗaya suka sani: uwa, uba, yara biyu, ƙofa a rufe. Gidajenmu ba haka suke ba. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da abokan aikinsu sun wallafa binciken da suka yi a kan jarirai 18 a gidajen Hausawa a Najeriya. Sun ga jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu, kuma wadda ya fi maƙalewa ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da kula da shi, ko da ba ita ke ba shi nono ba. Jarirai 18 ba su da yawa, amma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san an faɗi gaskiya. Ke ba ki tashi babu mai kula da ke ba. Kin tashi da wadda za ki gudu wurinta, kin san ƙamshin ɗakinta, kin san kwanon da take ɓoye miki rabonki a ciki in kin yi barci ba ki ci ba. Kusan shekara goma sha huɗu.

Sannan kika dawo hutu da akwatinki, da labaran makaranta da kika tara mata, kika tarar an yi sutura, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an watse. Kowa ya sani sai ke. Na san da kyakkyawar niyya aka ɓoye miki, kada karatu ya lalace, ana yi har gobe. Masu ta'aziyya mahaifinki suka yi wa gaisuwa, shi ne ɗanta. Ke jika ce, jika kuwa abokiyar wasa ce, ba mamaki har tsokanarki aka yi cewa kishiyarki ta bar miki gida. Babu wanda ya lura cewa uwa ce ta mutu miki.

Wasiƙa ɗaya na karanta, ke kika yi rayuwar, in na kauce ki gyara mini. Amma ni abin da na gani, tun ranar nan jikinki ya riƙe darasi guda: shiru ba lafiya ba ne. In ba ki ji daga mutum ba, ƙila ya riga ya tafi, kuma ke ce ta ƙarshe da za ta sani. Ki ɗora wannan a kan hoton jaririn da kika gani "kamar kowa". Ki ɗora shi a kan saƙon da aka karanta ba a amsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura, kuma ba a ce masa mahaukaci.

Don haka da Inna za ki fara. Gwaggon da kike zaune wurinta 'yar Inna ce, ta san abin da ba a taɓa gaya miki ba: ciwon da ta yi, kwana nawa, wa ke kanta, ko ta ambace ki. Ki tambaya, ki ji, ki yi kukanki, ki yi mata sadaka da addu'a da hannunki da bakinki. Kuka bayan shekara takwas ko tara ba rashin tawakkali ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, kuma ya ziyarci kabarinta yana babba, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Yana cikin Sahihu Muslim.

Sai Yaya. Kin tambaya ko laifinta ne. Zan ba ki labarin kaina, don ni ma uwar ɗan fari ce. Nawa ɗan yanzu da gemunsa da 'ya'yansa, har yau sunansa ba ya fita bakina a gaban mutane. Yana ƙarami in ya faɗi a tsakar gida, sai in ci gaba da tankaɗen da nake yi, ina jin kukan har cikin haƙarƙarina, ina jiran wata ta ɗauke shi. In na raba nama, tsokar da ta fi kyau a kwanonsa take, amma ƙanwata nake miƙa wa ta kai masa. Ni a ganina duk duniya ta san ina sonsa. Sai da ya yi aure matarsa ta gaya mini cewa shi ya tashi yana zaton ƙannensa na fi so. Yaro ba ya karanta al'ada, fuska yake karantawa. Saboda haka ba zan ce miki ba ki ji ciwo ba, kin ji, kuma kunyar ɗan fari al'ada ce, ba addini ba. Manzon Allah ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, da Aƙra'u ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya ce masa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Amma ki tsaya ki yi lissafi. Shekarar Yaya nawa lokacin da surukarta ta ce a kawo mata ke? Ƙila ba ta kai shekarunki na yanzu ba. Da wane baki amarya mai haihuwar fari za ta ce wa uwar miji a'a, a kan ɗan da ko kallonsa ba ta isa ta yi a gaban mutane ba? In ta yi kuka, a bayan ɗaki ta yi shi. Da kika dawo mata kina budurwa, ita ma baƙuwa aka kawo mata, ba ta san ta inda za ta kama ba. Dambun naman nan kuma ba a shago ake ɗauko shi ba. Sai an dafa, an daka, an tsaya a kan wuta ana juyawa har ya bushe. Wuni guda ta yi a kanki, ta sa a mota daga Funtuwa. Maganarta ke nan, da yaren da ta iya.

Kada ki je mata da tuhuma, ko da neman ta ba ki haƙuri. Za ta ruɗe, ke kuma ki dawo da sabon ciwo. Ki shiga ta ƙaramar ƙofa. Ki kira ta ranar Juma'a ko da gaisuwa ce ta minti biyu. Ki roƙe ta abu, don uwa irin Yaya roƙo ne ke ba ta izinin matsowa: ta haɗa miki turaren wuta, ta zaɓa miki atamfa, ta faɗa miki abin da za a saya na kicin. Shirin biki dama ce da ba ta dawowa. In kuma kin sake kwanciya ciwo, Allah ya kiyaye, ke za ki kira ta da bakinki a ranar farko. Wataƙila har abada ba za ta kira sunanki ba. Ki bar mata wannan.

Aminiyarki kuwa, 'yata, ke ce da laifi, kuma ba zan shafa miki mai ba. Mace ta fito daga naƙuda, ƙila ma mijin ne ko ƙanwarta ta sa hoton, ita tana can tana fama da ruwan zafi da kunun kanwa. Ta duba taron suna ba ta ga aminiyarta ba, kuma ba ta san dalili ba. Zariya da Kaduna ba nisa. Ki sayi turmi da sabulu da 'yan kayan jarirai, ki shiga mota ranar Asabar. In kin zauna ki ce mata: na ji haushi ne da ban ji daga bakinki ba, na yi wauta, ki yafe mini. Zumunta a ƙafa take, ba a duban hotuna ba.

Na ajiye saurayin ƙarshe da gangan, domin a yanzu shi kaɗai kika ɗora wa kayan mutum uku: shi ne Inna, shi ne Yaya, shi ne aminiya. Babu namijin da zai iya ɗauka, ko waliyyi ne. In kin sauke biyu, na ukun zai yi sauƙi.

Kin taɓa shiga Kantin Kwari da rana tsaka? Ga dillali, ga mai saye daga Nijar yana ciniki, ga ɗan dako yana jiran a ɗora masa dila, ga yaron shago ya kawo canjin da bai cika ba. Mutum zai buɗe saƙo da babban yatsa ya mayar da waya aljihu da niyyar amsawa anjima, anjiman ta zama magariba. Ke kuma a can kin riga kin gama shari'a kin yanke hukunci. Ga yadda abin ke juyawa: kin tsorata kin yi ta kira, shi ya ga kira 14 gabansa ya faɗi, ya ce bari ta huce, jinkirinsa ya tabbatar miki da abin da kike tsoro, sai kika toshe shi don ya ɗanɗana. Kowannenku yana ganin martani kawai yake mayarwa. Toshewar nan roƙo ce, kina cewa ka neme ni in ga ko na isa a neme ni. Amma shi ba haka take isa kunnensa ba, wulaƙanci yake ji.

In ya zo zance, ranar da ba ku yi faɗa ba, ki ba shi labarin hutun nan da kika dawo. A taƙaice, ba sai kin yi masa lacca a kan Bature ba. Ki ce masa shiru yana tayar miki da hankali fiye da yadda ya kamata, kin sani, kina aiki a kai, kuma ga abin da kike roƙo: lokaci guda tabbatacce a rana, a ce bayan isha'i, in kuma ba zai samu ba ya turo layi ɗaya. Ke ma ki ɗauki naki alkawarin. Kira ɗaya, saƙo ɗaya, sai ki jira. Babu toshe lamba. Ki shiga saitin WhatsApp ki kashe alamar an karanta da ta lokacin da mutum ya leƙa na ƙarshe. In kin kashe naki, ke ma ba za ki ga nasa ba, wannan kuwa shi ake nema. In rawar jikin ta zo, ki ajiye wayar a wani ɗaki, ki yi alwala, ki kama aikin hannu, ko makin littattafan ɗalibanki ne. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ji tsoro da abin da ya faru a ƙarshe. Bayan wata biyu ki karanta shi daga farko.

Littafin nan zai yi miki aiki biyu, kuma na biyun ne maganar fasawar da na ce za mu zo kanta. Ba kowane zullumi ne tsohon ciwo ba, wani gaskiya yake faɗa. In mutumin nan yana cika alkawarin galibin ranaku, in ya saɓa ya ba da uzuri, to tsoron zai riƙa raguwa da kansa, a hankali, don jiki da maimaici yake yarda. In kuwa ya mayar da labarin Inna abin dariya ko abin gori, ko yana ɓacewa kwanaki babu bayani, ko kin kama shi da ƙarya, ko ya gano shiru na ƙona ki ya mayar da shi bulala, to ki gaya wa Gwaggo da waliyyinki a dakata da sa rana. Allah ya ce ya halitta mana ma'aurata don mu natsu zuwa gare su, a Suratur Rum aya ta 21. Kina da haƙƙin duba ko natsuwar za ta samu a nan. Kada dai ki zata ɗaurin aure ne maganin. Washegarin tarewa ma kasuwa zai tafi, ke da wayarki a ɗaki.

In abin ya kai ba kya barci, ba kya cin abinci, ko aiki ya gagara, ko tunanin cutar da kanki ya fara zuwa, kada ki jira. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Da yawan masu zuwa can zama kawai suke yi a yi magana da su, su koma bakin aikinsu.

Ki fara da Gwaggo, daren yau in kin iya, bayan an kwashe kwanuka yara sun kwanta. Ki zauna kusa da ita a kan tabarma ki ce, Gwaggo, yaya Inna ta yi jinya?